Murɗin Bahago

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aro ya karɓi kayansa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, kakana mahaifin mahaifiyata, Malam Ɗanjuma Bakanike na Gwagwalada, ya rasu a gidansa bayan jinyar kwana tara. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Tsoho, da wannan sunan na saba kiranka, ba zan canza ba don ka kwanta dama. Duk layin gareji sun san wasanmu na jika da kaka. Ni ne mai ɓoye maka sifana, ni ne mai zuba maka gishiri a shayi, ni ne mai tsayawa a ƙofar gida in ce ka sakar mini matata, Kaka Kubra. Kai kuma ka ce, "Nazir, ranar da ka iya saya mata turmin zane, zo ka ɗauka har da tsufanta." Ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba.

Masu gaisuwa sun faɗi alherinka, sun kuma yi gaskiya. Direba nawa ka bar abincinka ka bi zuwa bakin titi? Kana cewa mota ba ta ƙarya, abu uku take nema: wuta, iska da mai. In mai ne ya ƙi zuwa, a bi shi gaɓa-gaɓa, kada a tsallake ko ɗaya. Amma akwai alheri guda da babu wanda ya faɗa, domin ni da kai kaɗai muka san shi. Shi ya zaunar da ni rubutun nan.

Shekara uku ke nan, lokacin sabuwar doya, na raka ka Paikon Kore a tsohuwar a-kori-kurarka, za mu ɗauko doya a gonar wani abokin cinikinka, Bernard. Tun daga gida kake cika baki cewa motar nan ba ta taɓa kunyata ka ba. Da ka kabbara sallar azahar a gindin ɗorawa, na ɗauki guntun wayar ƙarfe, na shige ƙarƙashin motar, na shaƙe tiyon mai dab da tanki, na murɗe tamau. Ba abin da nake so illa in ga kana tura motarka, in samu abin tsokana na wata guda.

Ka sallame ke nan muka ji ihu daga cikin kunyoyin doya. Sai ga Bernard ɗauke da matarsa, Lucia, ƙannensa biyu suna biye. Kububuwa ta sare ta a idon sawu. Muka watsar da doya, muka shimfiɗa ta a baya. Wallahi a wannan ruɗewar wayar ta fita daga kaina. Mota ta tashi da ɗan man da ya rage a kafireto, wato inda mai ke bi ya shiga inji, muka yi tafiya kamar daga gida zuwa masallaci, ta yi tari sau biyu, ta mutu. A tarin nan na tuna.

Hanyar gona ce, babu ko mashin. Ka murɗa makulli, inji ya juya, bai kama ba. Ka sake, bai kama ba. Ka zare hannunka, ka ce batir ba rijiya ba ne. Bernard ya diro, addarsa tana hannunsa bai ma sani ba.

"Baba, matata zai mutu! Baba, ka yi wani abu!"

"Riƙe mini bonet," ka ce masa, muryarka kamar kana sayen goro.

Ka ɗiga fetur a bakin kafireto daga 'yar gorar da ba ka rabuwa da ita. Inji ya kama, ya yi ƙara, ya sake mutuwa. Ka ce wuta lafiya take, mai ne ba ya zuwa. Ka zare tiyon da ke shiga kafireto, ka ce in murɗa makulli. Na murɗa. Ko ɗigo bai fito ba.

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na dubi addar Bernard, na dubi ƙannensa, na dubi Lucia da ta tofa yawu ya fito ja, domin dafin ya fara fasa mata dasashi. Harshena ya ƙi. Na haddace ayar da ta ce kada a ɓoye shaida, na wanke ta a allo, na biya ta gaban malam, amma ranar na ɓoye.

Kai kuwa kana ta bin mai. Ka buɗe murfin tanki ka kasa kunne ko zai ja iska, shiru. Ka zura kara, ya fito jiƙe har rabi. Ka ciro filta ka hura, iska ta wuce, amma a bushe take ƙayau. Ƙanen Bernard ya ce famfon mai ne ya mutu, a ɗaura galan a saman mota. Ka ce babu galan, babu dogon tiyo, kuma ba ka yanke wa famfo hukunci ba tukuna. Ka kama tiyon da ya taho daga tanki ka tsotsa, kumatunka suka lotsa, kamar mai tsotsar dutse. Ka hura, ka ce a saurari tanki ko zai yi ɓulɓul. Bai yi ba.

Sai ka kwanta cikin taɓo da farar rigarka ta salla, ka shige ƙarƙashi. Ina ganin ƙafafunka kawai. Suna motsi, suna motsi, sai suka tsaya cik. Na ce yau kwanana ya ƙare.

Ka fito hannunka a dunƙule, ka sa shi aljihu. Bernard ya ce, "Oga, mene ne?" Ka ce, "Layi ne ya toshe. Ku hau." Ba ka dube ni ba. Ka mayar da tiyo, ka sake ɗiga fetur, batir ya yi nishi, ya ƙara nishi, a na uku mota ta tashi. Muka isa asibitin koyarwa ƙafar Lucia ta kumbura har gwiwa. Ta rayu, alhamdulillahi. Amma har gobe tana jan ƙafar, kuma ban sani ba, ba zan taɓa sani ba, ko mintocin nan da na ɓata ne suka jawo.

A harabar asibiti ka kira ni gefe, ka buɗe hannunka. Ka ce, "Kowa murɗinsa dama yake bi. Wannan hagu ya bi. Bahago nawa ne a gonar nan?" Ni kaɗai ne bahago, na fashe da kuka. Ka ce ba za ka faɗa ba, domin da ka faɗa a kan hanyar da gawa biyu za a kwasa. Amma ka ce haƙƙin ba naka ba ne balle ka yafe, mai shi tana kwance a ciki. Ka rataya wayar a jikin makullinka. Shekara uku ina ganinta kullum, kana jira, ni kuma ina cewa gobe.

Ranar sadakar uku Kaka Kubra ta miƙo mini makullin. Ta ce ka ce a ba ni, na san inda zan kai.

Jiya na kai. Na sami Bernard da Lucia suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na durƙusa, na ajiye wayar, na faɗi komai. Bernard ya miƙe ya shige ɗaki, bai sake fitowa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Lucia ta daɗe tana juya wayar a hannunta. Ta ce, "Baba ya sani, kuma yana zuwa duba ni duk ranar kasuwa?" Na ce ya sani. Ta ce, "Ni na yafe don Allah da don Baba. Mijina kuwa, sai ka yi ta zuwa." Zan yi ta zuwa, Tsoho, ko shekara nawa ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka Kubra, wadda daga yau na daina kira matata, da mahaifiyata da 'yan'uwanta, da dukan mutanen layin gareji. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah, bawanka Ɗanjuma ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Lucia lafiyar ƙafarta, ka sanyaya zuciyar Bernard. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Jikanka,
Nazir Bahago, Gwagwalada