Tafiyarmu da Kawu Inuwa a Jirgin Ruwa

Duk wanda ya zauna a Fagge a shekarun da kuɗin mai suka shigo ya san Alhaji Inuwa mai gyaran agogo, kuma ya san ba a gayyatarsa sabga a faɗa masa lokacin gaskiya. In ɗaurin aure ƙarfe biyu ne, sai a ce masa ƙarfe biyar. Kuskura ka faɗa masa gaskiya, tun hantsi za ka tarar da shi a ƙofar gidanka ya shimfiɗa buzunsa, ana shara ana kewaye shi. In ka ce, "Haba Alhaji, ko tukunya ba a ɗora ba!" sai ya dubi agogonsa ya ce, "A je da wuri a zauna. Ni ban taɓa jin wanda zama ya karya wa ƙafa ba."

Yayan mahaifiyata ne, shi ya sa nake ce masa Kawu. Rumfarsa 'yar ƙarama ce a kusa da Bata, daga tebur mai gilashi sai kujera ɗaya, kuma kujerar tasa ce, mai kawo gyara sai dai ya tsaya. Ku da kuka san shi kun san labarin tafiyarmu a jirgin ruwa, don ya ba ku shi ya fi sau ɗari. Amma nasa ɓangaren kuka ji. Yau ga nawa.

Shekarar da aka koma naira da kwabo matata Hadiza ta rasu, ta bar mini Binta tana da shekara biyu. Ina aikin akawu a lokacin. Na daina cin abincin kirki, na daina fita majalisa, a ofis har an fara yi mini maganar sallama. Binta kuwa tana wurin Inna, mahaifiyata, ni ko leƙa ɗakin ba na iya yi, saboda yarinyar ta ɗebo fuskar uwarta sak.

Shi kuma Kawu kasuwa ta buɗe masa. Kowa ya sami kuɗi, kowa na son agogon hannu. Abokansa masu sayen babur na saye, masu ƙara ɗaki na ƙarawa. Shi sai ga shi rannan da safe a ɗakina, ya ajiye takardu a kan katifa.

"Lawan, tashi. Teku za mu."

"Wace teku kuma, Kawu?"

"Teku nawa ka sani? Jirgin ruwa za mu shiga daga Ikko zuwa Ingila. Ni ba na jin Turanci, in na tafi ni kaɗai sayar da ni za su yi ina yi musu godiya. Kai za ka yi mini tafinta. Na riga na gaya wa uwarka, kuma na je ofishinku na zauna har sai da suka ba ka hutu."

"Kawu, me za ka yi a Ingila?"

"Wa ya ce maka Ingila za ni? Jirgin za ni."

Ashe abin ya daɗe a ransa. Lokacin da ya je Makka ta ƙasa yana saurayi, an loda su a wani tsohon jirgi don ƙetare Bahar Maliya, mutum kan mutum, ga awaki, ga amai. Suna tsakiyar ruwa sai wani farin jirgi ya wuce su, mutane zaune a kan dogayen kujeru sun miƙe ƙafa, ba sa yin komai. Ya ce tun ranar ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi dama sai ya je ya ji abin da suke ji.

Shiri kuwa, wayyo! Akwai wani dattijo mutumin Saliyo, Baba Jon, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda ya yi aikin jirgi a ƙuruciyarsa. Kawu ya mayar da shagonsa makaranta. Kullum bayan La'asar sai ya ja ni mu je, ya sa ni ina rubutawa. A yi fasfo da wuri. A yi allurar shawara a riƙe katin, kada ya shiga cikin akwatin da za a kai ƙasan jirgi. A nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, can ƙasa-ƙasa, don nan ne ba a cika jin tangaɗi ba. A tafi da rigar sanyi ko da a Kano ana zuba gumi. A riƙe citta da lemon tsami saboda tashin zuciya.

"Baba Jon," in ji Kawu, "in jirgin ya nitse fa?"

"Alhaji, shekara ashirin na yi, bai nitse ba."

"To ai shi ya sa nake tambaya. Ya daɗe bai yi ba."

Bai tsaya nan ba. Ya ce sai an gwada cikina tukuna. Ranar wata Lahadi ya kai ni Wudil, ya yi ciniki da mai kwalekwale ya yi ta kai ni yana dawo da ni, shi yana bakin ruwa a tsaye da lema yana ba da umarni.

"Girgiza shi! Ƙara girgizawa!"

Na fito jiri na ɗibana, na ce, "Kawu, kai ba za ka shiga ba?"

"Ni? A wannan ɓawon gyaɗar? Kana da hankali kuwa?"

Jirgi zai tashi ranar Talata. Mun sauka daga jirgin ƙasa a Ikko ranar Alhamis ɗin da ta gabata. Kwana biyar muna kwana a gidan wani Bakano mai sayar da fata, kullum da safe sai mun je tashar jiragen ruwa Kawu ya leƙa ya tabbatar ba a tafi an bar mu ba. Jirgin ma bai iso ba a lokacin!

Ranar farko a cikin jirgi aka buga ƙararrawa, aka tara fasinja aka koya mana sa rigar nan mai kumburi da ke hana mutum nitsewa. Da aka gama kowa ya cire tasa. Kawu ya ƙi. Ya ɗaura ta a kan babbar riga, ya kafa hularsa, ya shiga ɗakin cin abinci a haka kamar an naɗe katifa. Wani ma'aikaci ya zo cikin ladabi ya ce a gaya masa an gama gwaji.

Kawu ya ce, "Tambaye shi, ruwan ma an gama shi?"

Kwana uku ya yi da ita. Bai cire ba sai da ya ga tana hana shi sujada.

Abinci kuwa, Baba Jon ya riga ya gaya masa duk yana cikin kuɗin tikiti. Shi ke nan! Karin safe, shayin hantsi, na rana, shayin yamma, na dare, babu wanda ya taɓa wuce shi. Tun ranar farko ya sa na raka shi har wurin babban kuku, aka yi magana ta fahimta a kan naman alade, aka daidaita a kan kifi da ƙwai da dankali. Ya zo da kwalbar yajinsa daga Kasuwar Sabon Gari, yana barbaɗa wa komai, har wani abin zaƙi mai sanyi da aka kawo a ɗan kofi. Da muka wuce Saliyo teku ta tashi, tebura suka yi fayau, duk an kwanta. Kawu ya yi fari fat, yana dafa bango yana tsotsar citta, amma sai da ya kai kansa tebur.

"Kawu, ba za ka iya ci ba. Mu koma ɗaki."

"A kawo. Ko ban ci ba zan kalle shi. Nawa ne."

Da aka kawo, sai ya turo mini farantin. "Ci. Ba za a mayar musu ba ina raye." Na ci nawa na ci nasa. Haka ya dinga yi mini, yau cikinsa, gobe haƙorinsa, jibi kifin ya yi masa kallon banza. Ban lura da abin da ke faruwa ba sai da wandona ya fara kama ni.

Sai rikicin agogo. Aka sanar cewa a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kawu ya ce bai san zancen ba.

"Shekara talatin ina gyara agogon da ke ja baya, yau a ce in ja shi da hannuna? Awar da aka cire, wa aka ba?"

Ƙarshe ya ɗaura biyu, na dama lokacin Kano, na hagu lokacin jirgi. Amfanin da ya samu shi ne yana zuwa cin abinci da na Kano, ya iske ƙofa a rufe, ya zauna awa guda yana jin daɗinsa.

Alƙibla ma ta ba shi aiki. Yana da ɗan abin nuna gabas mai kama da agogo. Wata rana ya daidaita, ya tayar da La'asar, kafin ya sallame rana ta koma wani gefen. Ya naɗe buzu ya ce in kai shi wurin direba. Na ce ba a shiga. Ya ce ai shi ba shiga zai yi ba, gaisuwa zai kai. Muka yi sa'a kaftin ɗin ya fito zagaye, wani Bature mai jar fuska.

"Gaya masa," in ji Kawu, "tuƙinsa ba laifi. Amma in ya ga na shimfiɗa buzu ya riƙe kan motar nan tsaye na minti biyar."

Na rasa yadda zan yi, na fassara da sassauci. Kaftin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce daga yau kullum za a aiko a gaya wa Alhaji inda gabas take. Kuma an yi ta aikowa har muka sauka.

Da muka tsaya a wani tsibiri, a garin da ake kira Las Palmas, aka ba fasinja awa shida su zaga gari. Kawu ya sauka, ya taka ƙasa, ya sayi lemo, ya yi tafiyar da ba ta fi daga Bata zuwa bakin kasuwa ba, ya ce mu koma. Muka dawo muka hau kujerun nan dogaye muka miƙe ƙafa. Can da yamma jirgi ya yi ƙugi, an fara janye tsani, sai ga wani babban ma'aikacin gwamnati da muke tare da shi tun Ikko, wanda ya yi ta yi wa Kawu dariyar rigar ruwa, ya taho a guje da kwat, akwati a ka, takalmi ɗaya a hannu, yana ihu. Kawu ya gyara zama. Ya ɓare lemo a hankali, ya miƙo mini rabi.

Dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har hawaye, kuma daga nan hawayen suka zama na gaske. Tun rasuwar Hadiza ban yi kuka ba sai ranar. Kawu bai dube ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya zuba wa ruwa ido yana cin lemonsa har na gama, sannan ya ce, "Akwai saura a ciki, ko mu je shayi?"

Washegari da hantsi na fito neman sa, sai na jiyo muryarsa a bayan wani kwalekwalen ceto, shi da dattijon da ke gyara mana ɗaki. Turanci yake yi! Ba kame-kame ba, Turanci tiryan-tiryan, yana bayanin abin da ya lalace a agogon mutumin. Na tsaya baki buɗe. Ya juyo muka haɗa ido.

"Kawu! Dama kana ji?"

Ko gezau bai yi ba. "Iskar teku ce. Jiya ya zo mini."

Sai bayan mun dawo Inna ta gaya mini ai a reluwe ya koyi gyaran agogo, shekara tara a hannun wani Bature. Ta ce ita ta je masa da kuka a kan halin da nake ciki, ya ce ta bar shi da ni.

Ingila kuwa, kwanakin da jirgin ya yi yana lodi su kaɗai muka yi. Ya leƙa gari, ya ce sanyi ya yi yawa kuma agogunansu ba su fi nasa ba, muka koma ɗakinmu na tsakiya. A hanyar dawowa, da muka sake tsayawa a tsibirin nan, ni na ce ina so in shiga gari. Ya ba ni awa ɗaya, da agogon Kano. Na sayo 'yar tsana mai jar riga. Ranar da muka iso Fagge ban ko ajiye jaka ba na wuce ɗakin Inna. Binta ta ɓuya a bayan zaninta tana leƙena, don ta manta ni. Na durƙusa na miƙa mata, na jira. Da ta zo karɓa na ɗauke ta, kuma ban sauke ta ba har ta yi barci a kafaɗata.

Sau ɗaya na gwada yi masa godiya. Na je rumfa na tsaya a gaban tebur, na fara, "Kawu, abin da ka yi mini..." Yana da gilashin nan a ido ɗaya, bai ɗago ba.

"Matsa, ka tare mini haske."

Haka muka rabu da zancen, har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara goma sha ɗaya, ranar wata Juma'a, a gidansa na Rijiyar Lemo, Binta na riƙe da kofin ruwansa.

Godiyar da ka hana ni yi maka a rumfa, Kawu, ga ta nan na yi a gaban jama'a, kuma yau ba ka da bakin hana ni. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci. Yadda ka ɗauke ni a lokacin da na kasa ɗaukar kaina, Allah ya ɗauke ka da rahamarsa, ya haɗa ka da Hadiza da Inna a gidan Aljanna. Amin.