Miyar Don Nibaldo

A ƙauyenmu na bakin teku a kudancin Chile, agogo ado ne kawai. Sha biyun rana na cika 'yan kwana-kwana za su busa jiniya, kowa ya ajiye abin hannunsa ya nufi abinci. A nan babu wanda ya kai Don Nibaldo mai ɗinkin koma. Ko yana tsakiyar ɗinki zai soke allura ya miƙe, don matarsa Doña Eduvigis ta riga ta zuba miyar kifi, kuma tun aurensu ba ta taɓa kai cokali baki babu shi ba. Gidansu kuwa, in ka tofa yawu daga ƙofa a teku zai faɗa.

Da gwamnati ta kafa jiniyar gargaɗin ambaliya, har da alluna masu nuna hanyar tudu, dariya Don Nibaldo ya yi, ya ce mini: "Maƙwabciya, in ƙasa ta girgiza har kin kasa tsayuwa, ki ari na kare. Ba sai wani ƙaho ya gaya miki ba."

Ranar da abin ya faru, ƙasarmu ko motsi ba ta yi ba. Can ƙetare ta girgiza, teku ya ɗauko mana saƙon. Gab da sha biyu jiniyar gwamnati ta tashi, wayoyi suka ɗauki kuka. Na bar burodina a tanda na kama hanyar tudu. Kowa na hawa, sai ga mutum ɗaya yana saukowa: Don Nibaldo, wanda ya hau tudu faskaren itace tun safe.

Na cafke hannunsa. "Ina za ka, Don Nibaldo? Kai dai cikinka zai kashe ka! Wannan ba ta abinci ba ce!"

"Ni kurma ne? Na sani sarai," in ji shi. "Tsohuwar ce ba ta sani ba. Yanzu haka ta zuba miya tana jirana."

Ya fizge ya gangara, tsoho yana gudu kamar ɗan maraƙi.

Ina isa sama na ga teku ya janye, jiragen kamun kifi sun kwanta a kan laka. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Na waiwaya. Doña Eduvigis ce, tana haki, rungume da tukunya a naɗe cikin tawul. Ashe ta hanyar bayan coci ta hawo.

"Na ce yau dai na riga ja'irin nan, kar ya sauko nemana," ta ce tana dariya. "Kin gan shi?"

A bayanta ina kallon ruwa, baƙi ƙirin, yana haɗiye layinsu gida bayan gida.

"Maƙwabciya, yi magana mana. Miyarsa za ta huce."