Saƙon da Ya Isa Legas Kafin a Aika Shi

Har yau ban manta ranar da agogon bango ya kusa cin aikin Talatu ba. Ni masinja ne a lokacin, a wani kamfanin rarraba kaya kusa da Unguwar Shanu, ƙarshen shekarun 1990. Bayan La'asar nakan je ajin yaƙi da jahilci a Hayin Banki, kuma na fara iya karanta lambobi.

An haɗa kwamfutarmu da ta hedikwata a Legas ta layin tarho, Talatu ce ke kula da ita. Kowane saƙo yana ɗauke da lokacin da ya tashi, in ya sauka kuma kwamfutar da ta karɓa ta buga nata lokacin. Sai Legas ta kawo ƙara: duk saƙon da suka turo sai ya yi minti goma sha biyar kafin ya shigo Kaduna. Manajanmu, Alhaji Sule, bai ɓata lokacin bincike ba. Ya ce hira take yi, ya ba ta takardar gargaɗi ta biyu. Ta uku kora ce.

Aka turo Injiniya Bashir, da jaka da taye. Kwana biyu yana awo. Saƙon Legas yana makara minti goma sha biyar. Namu kuwa yana isa Legas minti goma sha biyar kafin a aika shi. Injiniya ya soke waɗannan da jan biro, wai kuskuren na'ura ne. Alhaji ya ce a'a, himmar reshensa ce.

Na kawo shayi, idona ya faɗa kan takardar. Na haɗa lambobin a hankali.

"Ranka ya daɗe, wannan ya tashi goma da kwata, ya isa goma daidai?"

"Malam Audu, ajiye shayin," in ji Alhaji. "Boko wata uku, har ka fara duba injiniya."

Na ajiye. Na tambayi Talatu da wane agogo aka saita kwamfutar. Ta nuna bango.

To, agogon nan ni nake hawa kujera in gyara shi duk Litinin. Alhaji ne ya umarce ni in riƙa tura shi gaba da kwata, don ma'aikata su daina makara. Kowa a ofis ya sani, kowa yana ragewa a zuciyarsa. Kwamfuta kaɗai ba wanda ya gaya wa.

Na tuna musu da kwatan nan. Na ce, "Yallaɓai, in ka aike ni unguwar Kawo, ai ba agogon Kawo kake tambaya ba. Naka kake dubawa, fitata da dawowata."

Injiniya ya gyara taye, ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Ya tura saƙo, Legas ta maido shi nan take, ya auna da agogo ɗaya. Zuwa da dawowa ko minti ɗaya ba su cika ba.

Aka janye takardun Talatu ba tare da an ce mata yi haƙuri ba. Rahoto ya yaba wa basirar injiniya. Ni kuma aka ja mini kunne kan taɓa kayan ofis.

Ku da kuke aikin nan yanzu, kafin ku ce wani ya makara, ku fara tambayar wanda ya hau kujera.