Ranar Da Na Gudu Da Jakar Surukina A Duwatsun Hatta

Ko tsufa zai zo ya share mini komai daga kai, akwai wata Asabar guda da na san ba zai iya taɓa ta ba. Ita ce ranar da na kai surukina, mahaifin matata, hawan keke cikin duwatsun Hatta, saura ƙiris in dawo wa 'yarsa da mummunan labari. Yau in na tuna dariya nake yi, amma wallahi a ranar babu abin dariya ko kaɗan.

A lokacin ina aiki a wata masana'anta a Dubai Investments Park, muna zaune a wani ɗan gidan haya a bene can kusa, ni da matata. Abokan aiki ne suka koya mini hawan keken dutse, ya shiga jinina sosai. Da sanyi ya shigo, duk ƙarshen mako sai mu ɗaura kekuna a bayan mota mu bar gari da dogayen benayensa, mu nufi Hatta, inda aka fitar da hanyoyin keke tsakanin duwatsu da kwaruruwa da ƙananan gonakin dabino. An yi wa hanyoyin alama da launi: kore ta 'yan koyo, shuɗi ta waɗanda suka ɗan iya, ja da baƙi kuwa na waɗanda ba su tausayin ƙasusuwansu. Ni na kai ja, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

A shekarar ne surukin nawa, da nake kira Baba, ya zo Dubai duba lafiyarsa, saboda ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi. Tsohon malamin gona ne, dogo, siriri, mai jinin Fulani, kuma kunyarsa ta yi yawa har tana gajiyar da mutum. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, sai dai “yarinyar nan”. Ni kuwa Injiniya yake ce mini. To ku dubi halin da muka shiga: gida ɗaki biyu da falo, ni ba zan ci abinci a gabansa ba, shi ma ba zai ci a gabana ba. Shi a kai masa ɗaki ya tura ƙofa, ni in tsaya a kicin in yi ta cusa loma kamar ɓarawo. Matata ta yi ta mana dariya a ɓoye, tana cewa ta gaji da ciyar da fursunoni biyu.

Wata rana ya leƙa baranda ya ga kekena. Ya zagaya shi, ya latsa tayar nan mai kauri, ya danna kan keken ya ga yana lotsawa yana dawowa.

“Injiniya, wannan keke ne ko babur ɗin da aka cire wa inji?” in ji shi. “Ba kariya, ba ƙararrawa. A ina za ka ɗaura buhun iri?”

Na sunkuyar da kai na yi masa bayani. Sai ya ce shi fa a kan keke ya yi rabin rayuwarsa, ƙauye zuwa ƙauye, rani da damina, yana koya wa manoma zuba taki. Likita kuma ya ce ya riƙa motsa jiki. In babu damuwa, yana so ya ga duwatsun nan da nake yawan zuwa. Ta ina zan fara ce wa surukina a'a? Na ce, “To, Baba, Allah ya kai mu Asabar.”

Da safen Asabar matata ta haɗa masa 'yar jakar goyo: dabino a roba, lemon kwali, ruwa, na'urar gwada suga, da wayarsa. Ta ja ni kicin ta rage murya.

“Ka ji, ya sha maganinsa, amma ko rabin kokon bai sha ba, wai kada ya ɓata maka lokaci. Na sa masa burodi da ƙwai, ya ci a mota. In kun fara tafiya kuma ka tabbata ya ci dabino kafin rana ta ɗaga. Sugansa in ya faɗi ba ya sallama. Amana na ba ka.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai da ƙwararre yake tafe.

Har muka isa Hatta burodin nan yana kan cinyarsa a naɗe. Ina tuƙi ina satar kallonsa, shi kuma yana kallon raƙuma da yashi ta taga. Na yi tari, na ce, “Baba, akwai shayi a fulas.” Ya ce, “Madalla, madalla,” bai ko motsa ba. Ni ma ban ƙara ba, don a wurina maimaitawa kamar umarni ne nake ba shi.

Muka yi masa hayar keke da hular kwano. Ya cire hularsa ta zanna ya sa a aljihu, ya cusa ƙafafun wandonsa cikin safa irin na mutanen da. Mai ba da hayar ya dube shi ya ce, “Shwaiya shwaiya, Hajji,” wato a bi a hankali. Baba ya jefa burodin a jakarsa, ya sunkuya zai saɓa ta, ni kuma na yi wuf na karɓe. Ina tsaye da raina surukina ya goya kaya? Na cusa gorar ruwana da makullin mota a ciki, na goya ta a bayana, ina jin na yi abin kirki.

Muka kama koriyar hanya. Jama'a, tsohon nan ya iya keke! Da farko birkin ya so ya kayar da shi saboda kamunsa, amma kafin mu wuce tudu na biyu ya gane kansa. Hanyar tana hawa tana sauka, tana lanƙwasa ta gefen tsaunuka masu launin tsatsa, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, iska mai sanyi tana shiga riga. Muka wuce wata gona mai katangar duwatsu, awaki suna tsaye a kai suna kallonmu. Ya tsaya ya nuna mini yadda suka jawo ruwa ta 'yar magudana zuwa gindin dabino, yana ta jinjina kai. Ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi ba sai a wata gangara da ya sake birki, rigarsa ta cika da iska.

Rana ta ɗaga. Maganar matata ta dawo mini, na kuma lura tafiyarsa ta ragu, yana yawan share goshi. Lokacin cin dabino ya yi, har ya gota. Amma yaya zan ce, “Baba, ku tsaya ku ci”? Ko na faɗa ma, na san ba zai kai komai baki ina tsaye a kansa ba. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda muke yi a gida: in ba shi wuri. Muka iso wata 'yar inuwa a gefen hanya, na taka birki.

“Baba, ku ɗan huta a nan. Bari in je gaba in duba yadda hanyar take.”

Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce, “To, je ka, Injiniya.”

Na taka feda na sha kwana, na gangara can ƙasa inda ba zai hango ni ba. Har ina yaba wa kaina, ina cewa ga yadda ake zama da manya, ba sai an buɗe baki ba. Na jingine keke, na zauna a kan dutse, na ba shi lokaci mai tsawo don ya ci a natse. Da ƙishi ya dame ni na sauke jaka in ɗauko ruwana. Hannuna ya taɓa roba. Na leƙa. Ga dabino, ga lemo, ga na'urar suga, ga wayarsa, har da burodin da ya ƙi ci a mota. Komai nasa yana wurina.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na bar tsoho mai ciwon suga a tsakiyar duwatsu don ya ci abinci, na kuma tafi da abincin.

Ban san yadda na hau tudun nan ba. Gangarar da na sauko cikin nishaɗi ta zame mini hawa mai tsayi, sarƙar keke tana ƙara, ƙirjina kamar zai tsage. Da tayar baya ta fara zamewa a tsakuwa sai na yar da keken na ci gaba da gudu da ƙafa. Abin da kawai nake gani shi ne fuskar matata. Me zan ce mata? Cewa kunya ce ta hana ni?

Na sha kwanar, na ga kekensa kwance a tsakiyar hanya, taya tana sama. Babu Baba.

Na ƙwala kira, “Baba! Baba!” Ni da ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Duwatsu suka dawo mini da muryata. Na leƙa gefen kwarin, sai na hango farar riga can ƙasa kaɗan, gindin wata bishiyar ƙaya. Ashe ya taso zai biyo ni ne jiri ya kwashe shi, ya lallaɓa ya zauna a wurin. Na same shi jingine, gumi ya jiƙa shi sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau, hannuwansa suna rawa. Idonsa a buɗe, amma kallon da yake mini ba na wanda ya gane ni sosai ba ne.

A nan kunya ta ƙare. Na durƙusa na tallafo kansa na ɗora a kafaɗata, na huda lemon na kai masa baki. Ya kawar da kai. Ko a wannan hali, wai shi ba zai sha a gabana ba!

“Baba, wallahi sai kun sha!” na daka masa tsawa. “Ku buɗe baki!”

Ya buɗe. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya sake kurɓa. Na ɓare dabino na cire ƙwallon, ina sa masa a baki da yatsuna kamar yadda ake yi wa yaro, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, hawaye na zuba ban ma sani ba. Na soke masa yatsa da na'urar, lambar da ta fito ta nuna sugan ya faɗi ƙasa sosai. Na ci gaba da ba shi, wayata a ɗaya hannun, na shirya kiran motar asibiti.

A hankali rawar hannun ta lafa. Ya ja dogon numfashi, ya dubi bishiyar, ya dubi duwatsun, sannan ya dube ni da idon da na sani. Na sake gwadawa, suga ya hau. Ban san lokacin da na zube zaune a kan tsakuwa ba, ina ta alhamdulillahi, alhamdulillahi. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka ba ni aiki.

Ya share gumin fuskarsa da hannun riga. Can sai ya ce, “Injiniya, ashe kana da murya haka?”

Na rufe fuska na ce ya yafe mini, na manta shaf jakar tana bayana.

“Ni na sani,” in ji shi. “Ina kallonta tana tafiya a bayanka. Na buɗe baki in ce ka ajiye, sai na ga ai daidai yake da in ce maka zan ci abinci. Sai na rufe.” Ya girgiza kai, ya fara dariya a hankali. “Kai ka gudu don in ci, ni na yi shiru don kada ka san zan ci. Da an tambayi abin da ya kashe ni, da wa zai iya faɗa?”

Da ƙarfinsa ya dawo muka turo kekunan a ƙafa har wurin mota, na biya da shi wani ƙaramin asibiti aka duba shi, aka ce babu komai, ya dai kiyaye. A hanyar komawa na fara tunanin yadda zan tsara wa matata zancen. Sai ya karɓi wayarsa ya kira ta da kansa, ya sa yadda ni ma zan ji.

“Yarinyar nan, yau mijinki ya yi mini tsawa,” ya ce mata.

Ta yi salati ta ce, “Baba, tsawa kuma?”

“Tsawa sosai. Kuma ba don ita ba, da ba ki ji muryata yanzu ba. Kada ki ce masa komai, laifin namu ne mu biyu.”

Na ji ta fashe da kuka a waya, ni kuma na kafa ido a kan titi don kada ya ga nawa.

Har gobe ina girmama Baba, ba na zama kujera ɗaya da shi, ba na haɗa ido da shi in yana magana. Amma abin da na koya a gindin bishiyar nan shi ne, in lafiyar mutum tana hannunka, ladabin da ya fi kowanne shi ne ka buɗe baki ka faɗi abin da ya kamata, ko da wa kake magana. Gara ya ji nauyinka na ɗan lokaci yana raye, da ka yi masa kara har ka rasa shi.