Gwaggo Zulmira, Wadda Ta Kai Mota Biyu Rondônia

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran gwaggona Zulmira Tavares a asibitin garin Cacoal, tana da shekara tamanin da uku. Ina cikin aji ina koyar da yara ƙanena Josué ya kira ni. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ivanilde, ta tafi." Na ajiye alli na fita baranda na zauna. Washegari muka binne ta kusa da kabarin Kaka, mahaifiyarta.

Gwaggo, a wurin jana'izarki mutane da yawa sun yi magana. Ni ban iya buɗe baki ba. Abin da na sani game da ke ya girmi titunan garin nan, ya girmi cocin da aka yi miki addu'a a ciki, shi ya sa na zauna in rubuta shi.

Ina da shekara tara muka baro jihar Paraná. Shekara guda kafin nan baƙin sanyi ya sauka, gari ya waye gonakin gahawa sun ƙone ƙurmus kamar an bi su da wuta. Aka ce ana rabon ƙasa a jihar Rondônia, wanda ya kai kansa ofishin rabo kafin a rufe zai samu. Baba, ƙanenki Anacleto da kike kira Cleto, ya ba da 'yar gonarmu ya karɓi tsohuwar babbar mota. Ke kina da taki, wadda marigayi mijinki ya bar miki, kin kuma fi shi iya sarrafa ta, ko da yake ba a faɗin haka yana raye. Ta ukun ta Kawu Valdomiro ce, wan Mama. Motar Baba ta ɗauki gadaje da tukwane da kaji da mu yara, da Kaka a kan kujerarta an ɗaure ƙafafun kujerar da igiya. Taki ta ɗauki dashen gahawa a cikin gwangwanaye, da iri, da gatura, da gangunan mai.

Da farko mu yara biki muka ɗauke shi. Muna ƙarƙashin tamfal muna ɗaga wa shanu hannu, jar ƙura tana shiga mana har cikin haƙora. Duk inda aka tsaya Mama ta ɗora shinkafa da wake, a barbaɗa garin rogo, a yaga busasshen nama. Kullum da safe Josué zai je ya ja miki wando ya ce, "Gwaggo, yau za mu iso?" Ke kuma ki ce, "In ka daina tambaya motar za ta fi gudu."

A garin Cuiabá kwalta ta ƙare, damina kuma ta riga lokacinta. Direbobin da suka fito daga arewa, taɓo har gwiwa, suka ce hanya ba ta biyuwa. Kawu Valdomiro ya ce shi dai komawa zai yi. Kika ce masa bayanmu babu komai sai toka. Sai ya faɗi maganar da har yau ba ta bar kunnena ba.

"Ke Zulmira ba ki da miji ba ki da ɗa. In kin nutse a taɓo ke kaɗai kika nutse. Ni 'ya'ya gare ni."

Kika dube shi kika ce, "Gaskiya ka faɗa, Valdomiro. Ka gaida mutanen gida." Kika hau motarki kika sauko masa da gangar mai guda, kika rarraba wa 'ya'yansa ayaba. Ranar a gefenki na zauna, na kuma ga ko waiwaye ba ki yi ba har muka yi nisa.

Muka shiga daji mota biyu. Itatuwa suka rufe sama, hanya ta zama jan kunu. A wata gangara tayar Baba ta fashe. Yana ƙarƙashin motar jak ya zame a cikin laka, ƙarfe ya danne masa hannun dama ya karya shi. Kaka ta ɗaure karayar da tsagin gora da zanen gado. A ranar na fara ganin hawayen mahaifina. Ba zafin hannun ba ne ya sa shi kuka.

"Yaya," ya ce miki, "mu kwashe abin da za mu iya, mu bar ɗaya a nan."

"Wacce? Mai ɗauke da gadonka, ko mai ɗauke da abincin 'ya'yanka?"

"To wa zai tuƙa?"

"Kai dai riƙe hannunka, Cleto. Ban tambaye ka direba ba."

Duk mun san motar da aka bari a wannan hanya, kafin a dawo ko ƙusa ba za a tarar ba. Sai kika yi abin da ban taɓa jin wani ya yi ba. Ki tuƙa motar Baba da mu a ciki, ki yi tafiya mai ɗan nisa, ki tsaya. Ki sauka ki koma baya da ƙafa zuwa inda taki take, inda Kaka ke gadi da karenmu da tsohuwar bindigar harbin tsuntsaye. Ki tuƙo ta ki wuce ta farko, ki tsaya, ki sake dawowa. Motocin da ke komawa kudu ba su da yawa, su ma galibi a maƙale suke, don haka da wuya ki sami mai rage miki hanya. Duk inda mota ta bi sau ɗaya, ke sau uku kika bi shi.

Ni kika zaɓa in riƙa bin ki. Kika ce kina son mai surutu don kada gyangyaɗi ya ɗauke ki a kan sitiyari, kuma a duk zuriyar Tavares babu wanda ya kai ni. Kina kirana yaron motarki mai kitso. Aikina in dira in cusa dutse bayan taya in mun tsaya a hawa, in riƙe gorar ruwa, in ba ki labari. Da labaraina suka ƙare na koma ƙirƙira, ke kuma kina cewa, "Ƙarya kike yi, amma ci gaba." In mun iso wurin Kaka ta hango mu, sai ta ɗaga murya: "Ga raguwar jikata ta iso, ko ɗaukar ta kika yi?" Ni kuma in ce tsohuwa ta ji tsoron biri ta ɓuya.

Wata rana da tsakar rana muna komowa da ƙafa kika zauna a kan wani kututture kika cire takalmi. Ƙafafunki sun kumbura, fatar ta saɓule, safa ta manne da jini. Na fashe da kuka na ce mu koma gida. Ba ki yi min tsawa ba. Kika wanke ƙafafun da ruwan gorarmu, kika yaga gefen rigarki kika naɗe su, kika mayar da takalmi kina cije leɓe. Sannan kika ce, "Kukan ya ishe ki? To tashi. Kuma in babanki ya ji wannan, na sauke ki daga aiki." Bai ji ba sai da ya yi furfura.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gadar katako. Wani rafi ne ya cika ya tumbatsa, an shimfiɗa masa gungume-gungume a matsayin gada. Kika sauke mu duka muka tsallaka da ƙafa, kika haye da motar Baba a hankali. Tayar baya na barin gadar muka ji ƙara, gungume ɗaya ya tsage ya faɗa ruwa. Ga mu a wannan gaɓa, ga motarki mai nauyi a waccan, bayanta kuma motocin wasu mutane sun fara taruwa. Wani direba mai ƙaton ciki ya ce, "Baiwar Allah, ki jira mazan su duba." Kika ce, "Madalla, ga gatari." Aka yi dariya, har da shi. Shi ne kuwa ya fara sara. Kafin la'asar an kayar da itace, an ja shi da igiya an cike gurbin.

Da aka gama kowa ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa, don ba wanda ya san ko sabon itacen zai ɗauki nauyi. Kika tako gadar da ƙafa kika zo wurina, kika ɗora hannun Josué a cikin nawa. Kika ce, "Riƙe shi da kyau. In kin ga motar ta karkata, juya masa fuska." Kika koma kika hau, kika bar ƙofa a buɗe. Motar ta hau gadar tana nishi, itacen yana lanƙwasa, ruwa na marin tayoyi. Mama ta durƙusa tana addu'a. Baba yana tsaye da hannunsa a rataye yana cewa, "Dama, Yaya, dama kaɗan," kamar za ki ji shi. Na matse hannun Josué har ya yi ƙara. Da tayoyinki suka taɓa ƙasa, kika leƙo kika ce da ni, "Ina dutsena? Aiki kike yi ko kallo?"

Mun isa ofishin rabo ana gab da rufewa. Baba ya sa hannu da hagu. Rabin dashen gahawar ya mutu a hanya, sauran rabin kuwa shi ne asalin gonar da ta ciyar da mu, ta kai ni makarantar horon malamai.

Ba ki huta ba bayan nan. A shekarun farko motarki ce asibitin unguwarmu: mai naƙuda, mai zazzaɓin sauro, wanda maciji ya sara, duk ƙofarki ake bugawa, ba ki taɓa cewa sai an jima ba. Bayan 'yan shekaru Kawu Valdomiro ya iso a motar haya da iyalinsa, babu mota, babu komai. Ya tsaya a ƙofarki ya kasa ɗaga kai. Kika ce, "Ka daɗe a hanya, Valdomiro. Shigo ka ci abinci." Kika yanka masa gefen gonarki ya noma. Ƙaramar 'yarsa Neusa a hannunki ta tashi, ita ce kuma ta yi jinyarki har ƙarshe.

Ba zan ce ba ki da aibi ba, don da kin ji za ki ce in daina ƙarya. Bakinki yana da kaifi, ba ki iya ba da haƙuri ba, wakenki kuma kullum da sauran tauri. Amma ban taɓa ganin kin bar mutum a hanya ba.

Lahadin ƙarshe da na zo asibiti, na yi miki tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, "Gwaggo, wai ko sau ɗaya ba ki ji kina son komawa ba?" Kika buɗe ido kika harare ni.

"Wa ya gaya miki? Kullum na farka sai na so komawa. Hanyar ce ba ta da faɗin da za a juya mota."

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, Neusa ta kore ni waje. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Zulmira ta zo gare ka. Ka yafe mata kurakuranta, ka karɓe ta da jinƙai, ka ba ta hutun da ba ta taɓa nema wa kanta ba a duniya. Ka haskaka makwancinta, ka sada ta da mahaifiyarta da mijinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Neusa da 'ya'yanta, da Josué, da iyalan marigayi Kawu Valdomiro, da dukan zuriyar Tavares na nan da na Paraná, da maƙwabtan da suka cika gidan makoki. Ta musamman kuma ga mahaifina Anacleto, wanda tun ranar Talata yake zaune a ƙofar gida ya ƙi cin abinci, yana cewa yanzu babu sauran mai yi masa faɗa. Gwaggo, kada ki damu da ƙanenki. Na kwaso kayana na dawo gidan, kuma yau sai ya ci. Allah ya jiƙanki, ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.