Sandar da Ta Hana Jirgi Zuwa Gonarmu

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da nake aji huɗu, Baba ya ɗora ni a bayan babur daga ƙauyenmu na gefen Gwiwa zuwa wani fili kusa da Kazaure, inda aka ce jirgin feshi ya sauka. Sati biyu ke nan tsuntsayen janbaki suna cin dawarmu. Mu yara mun daina zuwa makaranta, tun asuba muna kan rumfa a tsakiyar gona muna jan igiyar gwangwanaye, muna ihu har muryoyinmu suka dishe. Tsuntsayen kuwa sun raina mu, mu kore su gabas su sauka yamma.

Jirgin ɗan ƙarami ne, ni dai ban ga ya fi motar kasuwa da komai ba sai fukafukai. Baba ya gaida matuƙin, ya roƙe shi ya leƙa dajin ƙaya da tsuntsayen suke kwana a bayan gonarmu. Mutumin bai ce a'a ba. Ya hau kan fiffike, ya tsoma wata sanda mai zane-zane a tanki, ya duba inda mai ya jiƙa. Ya kalli yadda iska ke kaɗa ciyawa, ya yi rubutu a takarda. Sannan ya bayyana mana cewa ya ƙona mai da yawa a Babura, ga iskar komawa Kano za ta doke shi a gaba, kuma akwai man rabin awa da ba a taɓawa ko da me.

"Man zai kai ni gonarku, Baba, amma ba zai mai da ni gida ba."

Na tsani mutumin nan a take. Har na ce a zuƙe masa na babur ɗinmu, aka yi mini dariya, wai ba irinsa jirgi yake sha ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba ko musu bai yi ba. Shi ma karan dawa yake tsomawa a tankin babur ɗinsa kafin ya kama hanyar kasuwa, kullum yana cewa, "Man dawowa ba na tafiya ba ne." Hannu ya ba matuƙin, ya yi masa fatan sauka lafiya. Kafin jirgin ya dawo bayan kwana uku, rabin gonar ya zama ƙaiƙayi, kuma rumbunmu bai kai damina ba.

Yau aikina ke nan, tsara tafiyar ƙananan jirage. Na'ura ce ke haɗa nisa da iska da nauyin kaya, amma har yanzu sai an tsoma sanda nake sa hannu. Na sha hana jirgi tashi, ana harara ta kamar yadda na harari matuƙin nan. Duk lokacin sai in tuna Baba, wanda yanzu ba shi da rai, yana yi wa jirgin addu'a alhali ya san a lokacin ana cin dawarsa.