Yaya Lawal a Bidiyon Runka

Jama'a, yau na ga yayana da muka yi wa zaman makoki!

Ina fitowa daga makaranta nan Safana, sai wani ɗan jarida ya kira ni. Ya ce, "Malam, na tsinci bidiyo a Facebook, wai kasuwar Runka ce. Duba min kafin in buga."

Ya turo min, ina isa gida na buɗe. Runka ce, wallahi, mutane na ta gudu. Sai wani ya waiwayo yana jan ƙafar hagu. Innalillahi! Yaya Lawal ne, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a gona, waɗanda suka kuɓuto daga hannunsu suka rantse ya rasu a daji!

Na kira ɗan jaridar. "Yaushe aka ɗauki wannan?"

Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila tsoho ne aka dawo da shi. An ma goge shafin."

Tsoho? Yaya ba shi da furfura ko ɗaya ranar da aka ɗauke shi. Wannan gemunsa fari fat!

Matarsa ta gama takaba, har ta yi aure a Batsari. Ga Inna nan tsaye a kaina, tana tambaya me nake ta kallo a waya.